Kafin Ka Hau Chappal Waddi, Zo Ka Kwana a Toranke

Ɗan Zazzau, bawana, ina gaishe ka gaisuwar ubangida ga baransa.

Labari ya iske ni har Toranke cewa ka sayi takalmin hawa dutse, da jaka mai aljihu goma sha biyu, da wata rigar sanyi da ta mai da kai kamar buhun auduga. Wai Disamba na kamawa za ka nufi Mambila, kuma ba a Gembu za ka tsaya shan shayi ba, sai ka taka ƙololuwar Chappal Waddi. Lokacin da aka gaya mini ina shan kunun tsamiya, da ƙyar na tsira daga ƙwarewa.

Kai ɗin? Ko ka manta bara waccan da ka zo mana biki? Kwana ɗaya tal ka yi. Muka ba ka bargo biyu, ka nemi na uku. Aka shigo maka da kaskon garwashi, ka rungume shi kamar ɗan da ka haifa. Da asuba ladan ya yi kira, yaran da ko kaciya ba su daɗe da warkewa ba suka yi alwala da ruwan randa, kai kuwa kana leƙowa ta ƙasan bargo kana cewa a ɗora maka ruwa, wai "wannan iska mugu ne". Har yau in yaran gidanmu suna son dariya, wannan Hausar taka suke maimaitawa.

Bari in gaya maka abin da ke gabanka, tunda ku masu ilimi karatun taswira kuka iya, ba tafiya ba. Daga Jalingo za ka bi ta Bali zuwa Serti, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, wanda aka kafa a 1991, babu kuma gandun da ya kai shi girma a Najeriya. In ka wuce Mayo Selbe mota za ta fara hawa tana nishi, kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun. A nan ne ma wanda bai cika salati ba yake tuna shi. Sai Maisamari, sai Nguroje, sai Gembu. Shi kuwa Chappal Waddi, wanda Fulanin can ke kira Gangirwal, yana bakin iyakar Kamaru, tsawonsa mita 2,419, babu dutsen da ya fi shi a ƙasar nan. Ba a zuwa samansa da mota, ba a zuwa da acaɓa. Ƙafa ce, ta kwanaki, da ɗan jagora a gaba, a ƙetare rafi, a kwana a tanti.

Sanyin can kuma ba irin namu ba ne. Namu baƙo ne: iskar Sahara ce ke kawo shi daga gabas maso arewa, da hazon da ta kwaso daga ƙasar Cadi, ya fasa mana leɓe da dunduniya, rana ta yi sama ya ɗan saurara. Nasu ɗan gida ne, tsayin wurin ke haifar da shi, don duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi na sauka da wajen digiri shida. Shi ya sa ganyen shayi ke yi a Kakara, alhali mu nan gero da gyaɗa muka sani. Ka lissafa da kanka, kai da jami'a ke bayan gidanku a Samaru.

Na san amsar da za ka ba ni. Za ka ce Kufena na nan a Zariya, kun saba da dutse tun zamanin Sarauniya Amina. To sau nawa ka hau shi? Hoto ka tsaya ka ɗauka a gindinsa, na gani. Za ka kuma ce mu Kanawa Dala muke taƙama da shi, shi ma sai da aka yi masa matakala. Wannan kam gaskiya ne, ba na musu. Bakano ba ya wahalar da gwiwarsa ya hau inda babu kasuwa a sama. Ranar da aka ce ana cinikin shanu a kan Chappal Waddi kamar Karar Wudil ranar Juma'a, kafin ka ɗaure igiyar takalminka mun kafa rumfa.

Amma kada ka raina ƙasar Gaya a maganar jarumta. Ko Bayajidda, in ji masu tarihi, sai da ya biyo ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa kafin ya iya fuskantar macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. Shi da ya taso tun daga Bagadaza bai ga ƙasƙanci a tsayawa nan ya yi shiri ba, sai kai?

Saboda haka ga shawara, kyauta, ko da yake Bakano ne ke ba da ita. Ka zo nan tukuna idan jaura ta kankama, an gama sussuka, gonaki sun zama fili. Zan haɗa ka da 'yan farauta. Ba sa jiran rana ta fito. Ganga na tashi za ka ga samari da gora da kere, karnuka na ja da igiya, hazo ya rufe har ba ka ganin na gabanka sai dai ka ji tarinsa. Haka za a yi ta ratsa kara da ƙaya har azahar, wataƙila a samo zomo biyu da gafiya, wataƙila fakara ta tashi a ƙafarka ka zubar da gorar ka ruga. In zomo ya faɗi tsakanin mutum biyu, a nan za ka ga abin da ake kira gardama, ba irin taku ta teburin mai shayi ba.

Washegari kafin alfijir ka bi masu noman rani fadama, ka tsoma ƙafa cikin ruwan ban-ruwa. Minti biyar kawai nake nema. Ruwan nan ji za ka yi kamar ana yanka ka da reza, su kuwa mutanen suna ciki suna hira. Da dare in akwai dambe a kusa mu je, ba don ka shiga ba, ina tausayin iyalinka, don dai ka ga ƙato tsirara daga wuya zuwa cibiya cikin wannan iska, hannu naɗe da zare, gumi na tsattsafo masa.

In ka yi kwana uku a haka ba ka nemi ruwan zafi ba, ni da kaina zan raka ka tasha, in biya maka kuɗin mota har Jalingo. Ka san abin da ake nufi in Bakano ya ce zai biya.

In kuwa ka kasa, rigar sanyin nan da takalmin ka bar mini su a nan, na riga na samo mai saye. Kaskonka na nan an ajiye maka, da man kaɗanya na shafa wa faso. Bargon na uku ne dai sai ka taho da naka, wancan aro muka yi, kuma mai shi ya ce bai yafe ƙonewar da ka yi masa ba.