Rami Takwas, Baki Ɗaya

A shekarar 2016 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar gina alƙaryar shirya fina-finai a garin Ƙofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji, a kan naira biliyan 3. Malamai suka hau mumbari, muhawara ta yi zafi, ba a je ko'ina ba aka janye maganar. Babban situdiyon bai zo ba, ƙananan kuwa suka ci gaba da tsirowa abinsu. Daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada, har can Riruwai, saurayin da ya tara kuɗin masara ko na shinkafa yana iya kama shago guda, ya manna kiret ɗin ƙwai a bango, ya shigo da kaya huɗu: laftof, fiyano, makirufo, da ɗan akwatin nan da ke zama tsakanin makirufo da kwamfuta, wanda masu sana'ar ke kira saun kad. Aikin akwatin bai wuce uku ba. Yana ƙara wa muryar da makirufo ya kamo ƙarfi, ya mayar da ita lambobin da kwamfuta ke ganewa, sannan ya dawo da sautin zuwa kunne. Ramukan jona makirufo da mutum yake buƙata a jikin akwatin kuwa daidai suke da yawan bakuna da gangunan da za su yi ƙara a lokaci guda, kowanne da makirufonsa. Magana ce mai sauƙi, amma a gaban kantar mai sayarwa a Sabon Gari ba kowa ke tuna ta ba, kuma a wurin ne halin kowa yake fitowa fili.

Wanda ya fi yawa shi ne mai ƙirga ramuka. Shi ba ya tambayar yadda na'ura ke fitar da murya, abin da yake tambaya shi ne, "Oga, nawa take ɗauka?" Idan aka nuna masa Behringer UMC1820 ko Focusrite Scarlett 18i20, lambar 18 ɗin ce take shiga ransa, ya fara hango makaɗa goma sha takwas a shagon da mutum huɗu ba sa zama sai an buɗe ƙofa. Sai ya isa gida ya ƙirga, ya tarar da wurin sa makirufo takwas ne kacal. Sauran goman ba ƙarya aka yi masa ba, suna nan: takwas ta hanyar ADAT, wadda sai an sayo wani akwatin daban an jona da wayar haske, biyu kuma ta S/PDIF. Amma ko takwas ɗin da ya samu, me zai yi da su? A duba yadda ake yin waƙar Hausa ta zamani tun da fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyoyin Kano a shekarun 1990. Mai kiɗa ne zai zauna shi kaɗai ya haɗa kiɗan, ko a fiyano ko a FL Studio ko Cubase. Mawaƙi ya shiga ya ɗora baitocinsa. Ya fito, 'yar amshi ta shiga ta tsaya inda ya tsaya, ta ɗora amshi, a sake ɗaukarta sau biyu ko uku a jera muryoyin, mai sauraro ya ɗauka 'yan mata biyar ne. Duk wannan ta makirufo ɗaya ya bi. A cikin kwamfuta waƙar tana iya kai layi arba'in, amma ɗaya bayan ɗaya suka shiga. Mai ƙirga ramuka ya kasa bambance layin da ke cikin manhaja da ramin da ke jikin akwati, shi ya sa ya ɗauko tirela don dakon buhun shinkafa ɗaya daga kasuwar Tudun Wada. Bayan shekara guda, in ka leƙa, rami na farko ya yi sulɓi don aiki, sauran bakwan ƙurar hunturu ta yi musu murfi.

Ɗan'uwansa na kusa shi ne mai neman ja. Ba ya riƙe sunan samfuri, kala kawai ya sani. Ya ga hoton wani fitaccen mawaƙi a situdiyon Titin Gidan Zoo da jan akwati a kan tebur, shi ke nan magana ta ƙare: "Jar nan za ka ba ni." Gaskiya ne Focusrite kamfani ne mai tarihi, Rupert Neve ne ya kafa shi a Ingila a 1985, kuma jajayen Scarlett sun yi suna da gaskiyarsu. Sai dai a hoton bai ga ɗakin da aka gyara ba, bai ga shekarun da injiniyan ya kwashe yana horar da kunnensa ba. Idan waƙarsa ta fito ba irin ta Nura M. Inuwa ba, zarginsa na farko shi ne an ba shi jabu.

Sai masanin lambobi, wanda ya fi su duka daɗin hira a majalisa. Shi ne zai faɗa maka akwatinsa yana ɗauka a 192 kilohaz, bit 24, ya dube ka da tausayi in naka 96 ne. Faifan CD, wanda duniya ta yi shekaru tana yaba tsabtar sautinsa, 44.1 ne da bit 16. Kunnen ɗan'adam mai cikakkiyar lafiya ba ya jin abin da ya haura kilohaz 20, kuma 44.1 ta isa ta riƙe wannan da rara. Bit 24 tana da amfani na gaske wurin ɗauka, domin tana ba mutum damar rage ƙarfi don kada murya ta fashe, amma kusan kowane akwati na yanzu yana da ita. Ita kuwa 192 abin da take ƙarawa a fili shi ne nauyin fayil, sai laftof ɗin da aka saya na hannu ya fara tari a tsakiyar baiti. To ina waƙar za ta bayan duk wannan wahalar? Za a matse ta zuwa MP3, a tura ta WhatsApp, mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa ya zuba ta a mamori tare da wasu ɗari biyar, ta ƙare a 'yar sifikar da aka ɗaure da roba a kan babur ɗin da ke ratsa dajin Falgore. Abin da ya kamata masanin lambobi ya tambaya, bai tambaya ba: shin akwatin yana da direban ASIO nasa na kansa a Windows, kuma yana da maɓallin jin kai tsaye? Domin in murya ta shiga kwamfuta ta yi jinkiri kafin ta dawo hedifon, ko da na ƙiftawar ido ne, mawaƙi zai rinƙa tuntuɓe da muryarsa, a yi ta zaginsa ana cewa ba ya bin kiɗa alhali laifin na'ura ne.

Akwai kuma tsohon ma'aikacin biki, mai miksa. Wannan ya cancanci girmamawa, domin ya yi shekaru yana jona sifiku a filin kamu da wurin maulidi da taron siyasa, kuma ya san waya fiye da duk waɗanda aka ambata. Kuskurensa ɗaya ne, amma babba. Ya ga miksa mai layi goma irin su Yamaha MG10XU da wurin USB a bayanta, sai ya ce ai ga saun kad mai layi goma a sauƙaƙe. Abin da irin waɗannan miksoci ke aika wa kwamfuta layi biyu ne, hagu da dama, an riga an cakuɗa komai. In mai kalangu ya danne mai waƙa, ya danne shi ke nan har abada. Masu aika kowane layi daban suna nan, irin su Zoom LiveTrak, amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Shi kuwa ɗan TikTok ba ya cikin wannan damuwar. Ya sayi V8, ɗan akwatin Sin mai maɓallin tafi da na dariya, ya haɗa da makirufo mai ruwan zinare, yana magana yana tafa wa kansa. A cikin jerin nan shi kaɗai ne ya san abin da yake so kuma ya samu.

Mai jiran Honarabul ba ya saye, lissafi yake yi. Kiru da Bebeji mazaɓar tarayya ɗaya ce, Doguwa da Tudun Wada ma haka, ga kujerun majalisar jiha, ga ciyamomi da kansiloli, kowa kuma yana son a ambaci sunansa da na mahaifinsa a kan kiɗa. Tunda Dauda Kahutu Rarara ya nuna cewa waƙar siyasa tana iya sauya rayuwar mutum, kowace gunduma ta samu nata mai jiran gado. Wannan mutum ya rubuta jerin kayan da yake so a takarda, mafi tsada a kowane fanni, ya ninke ta a aljihun gaba yana jiran ranar da Yallaɓai zai zo gaisuwar Sallah. Da ya sayi mai rami biyu tun bara, da yanzu ya yi waƙoƙi ashirin da za su sa a neme shi.

Za a ce, ai mai hangen nesa ba ya sayen abin yau kawai, gobe situdiyo zai girma. Wannan hujja tana da ƙarfi, musamman tun daga Yunin 2023 da aka saki naira, dala ta tashi daga ƙasa da 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, kowane kayan waje ya bi ta. Wanda ya saya da wuri ya ci riba, ba musu. Amma rami ba ya aiki shi kaɗai. Takwas na nufin makirufo takwas, waya takwas, sandar tsayarwa takwas, da hedifon ga kowa, kuɗin da zai iya wuce na akwatin kansa. Ga kuma maganar wuta, wadda a wannan yanki ita ce alƙali. Madatsar Tiga tana nan a ƙasar Bebeji tun 1974, amma ruwanta gonakin rani na Kadawa da Kura yake yi wa hidima, ba ta taɓa yi wa mai situdiyo alkawari ba. Ƙananan akwatuna irin su Scarlett 2i2 da UMC202HD daga USB suke shan wuta, in an ɗauke wuta batirin laftof ya riƙe su a ƙarasa baitin. Masu rami takwas sai an jona su a bango. Wato sai an tada janareto, man fetur kuwa kowa ya san inda ya kai tun cire tallafi a Mayun 2023, sannan makirufon kondensa, wanda ke cin wutar bolt 48 daga akwatin, zai ɗauki gurnanin injin tsaf, tare da carar zakaran maƙwabta, da injin niƙa, da ruwan Agusta a kan kwano, wanda Doguwa ta fi ko'ina a jihar Kano samu. Kiret ɗin ƙwai ba ya tare ko ɗaya daga cikinsu. Rarar kuɗin da ke tsakanin mai biyu da mai takwas, in aka zuba ta a silin, da labule mai kauri, da ƙofar da ke rufuwa ruf, da ƙaramin batir da sola, za a ji bambancin a waƙar farko. Wanda kuma zuciyarsa ta ƙi kwanciya, akwai tsaka-tsaki: mai rami huɗu irin UMC404HD ya isa murya biyu da fiyano a tare. The Beatles a kan na'ura mai layi huɗu suka yi faifansu na Sgt. Pepper a 1967.

Wata hujjar ita ce a sayi babba na hannu a kuɗin ƙarami sabo. Ana dacewa. Amma mai son ɓagas yakan biya kafin ya gwada, ya duba fitila ta kama ya ce lafiya lau. Gwajin gaskiya shi ne a zo da makirufo da hedifon, a bi ramukan ɗaya bayan ɗaya, a murɗa kowane maɓalli a ji ko yana ƙarar yashi, a kunna 48 a gani, sannan a tabbata kamfanin yana fitar da direban da zai hau Windows ɗin da ke laftof. Tsofaffin akwatuna masu FireWire suna da arha ne saboda laftof ɗin yanzu ba shi da inda za a soka su.

Duk wannan ba yana nufin mai rami takwas ba shi da ma'abocinsa ba ne. Yana da shi, sai dai ba a cika ganinsa a kanti ba. Shi ne mai ɗaukar sha'iri da 'yan mandirinsa, ko makaɗan kalangu da 'yan amshinsu, ko mai garaya, ko ɗaliban Islamiyya ranar sauka. Waɗannan ba a raba su a ce kowa ya shigo shi kaɗai. Salon Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya ginu ne a kan amsa-kuwwa tsakanin baki da kalangu a lokaci guda, mai waƙa ya ja, ganga ta amsa, kuma duk mai bin wannan tafarki in ka sa masa hedifon ka ce ya bi ƙwanƙwasar kwamfuta, ka kashe waƙar. A nan rami shida ko takwas ke biyan kuɗinsa: ɗaya ga jagora, biyu ga amshi, sauran ga ganguna, don a iya ɗaga murya a sassauta kiɗa bayan an tashi. Ko a nan ma akwai mai cewa makirufo biyu da aka kafa a inda ya dace za su ɗauki taron da kyau, kuma ya yi gaskiya, muddin makaɗan sun iya sassauta hannu, abin da ba a san mai kalangu da shi ba in waƙa ta yi daɗi. Shi dai mai ɗaukar makaɗan nan a yanzu da waya yake ɗauka, ya ɗaga ta sama a tsakiyar taro, hannu ya gaji ya sauya. Da zai je wurin mai ƙirga ramuka ya nemi hayar akwatin na yini ɗaya, da duka biyun sun amfana. Amma mai ƙirga ramuka zai ce masa kayan situdiyo ba sa fita, kuma dama yana jiran wani mawaƙi daga Kiru da ya ce zai zo bayan la'asar.