Masu Taya Ni Zane a Ƙasar Arewa

Na ɗauki akwatin fentin ruwa da buroshi uku, na hau kabu-kabu daga Dogon Dutsi don in zana duwatsu da rumbuna da itatuwan gawo na Dallol Mawri. Na zaci aiki ne na mutum ɗaya. Ashe kafin ka jiƙa takarda an riga an kewaye ka.

Mai fara isowa shi ne Sarkin Zato. Da ya gan ka riƙe da fensir, ido ɗaya a rufe, kana auna rumbu da babban yatsa, ya gama yanke hukunci: ɗan porje ne. A Matankari wani ya tsuguna kusa da ni ya rage murya: "Mushe, rijiya za a gina muna ko lakkol?" Na rantse masa zane kawai nake yi. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya iya riƙe sirri, ya ce a dai sa sunansa a farko.

Sai Malam Gyara. Bai taɓa riƙe buroshi ba, amma ya san jakin da na zana ƙafarsa ta baya ta yi gajarta, kuma dutsen bai kai haka ja ba. Abin haushin, sau da yawa gaskiyarsa ce.

Wanda ya fi karya mini zuciya shi ne Mai Ado. A fadamar Geshame na tarar da wani dattijo zaune a kan tarin rake, da tsohuwar malfa wadda rana ta cinye bakinta, riga duk faci, lauje a kafaɗa. Irin abin da mai zane ke yin wata yana nema. Na ce, "Baba, ka yarda in zana ka?" Ya ce in dakata kaɗan. Ya dawo bayan la'asar cikin babbar riga mai sitaci, da baƙin tabarau da agogon aro, ya miƙe ƙyam kamar za a ɗauki hoton katin zaɓe. Malfar kuwa ya ɓoye ta, wai kada a kai shi birni a yi masa dariya.

A Lugu, garin Sarauniya Mangu, na faɗa hannun Mai Tarihi. Ya fara daga yaƙin 1899 da rundunar Faransa, ya bi ta dutsen Tunguma mai yanke shari'a, ya gangaro kan kakanninsa ɗaya bayan ɗaya. Labari mai daɗi, wallahi. Sai dai lokacin hunturu ne, kuma fentin ruwa ba ya jiran kowa. Kafin ya kai ga kakansa na uku, sararin samaniyata ya bushe rabi shuɗi rabi fari.

Samarin Kore Mairuwa tambaya ɗaya gare su: "Yaya, wayarka ta lalace ne?"

Yara ba su da matsala, in ban da numfashi a wuyanka da yatsa cikin kowace kala. Su ne ma suka yi shiru a Tibiri, suna kallo, har wata akuya ta shanye ruwan wanke buroshina tas, gemunta ya koma kore shar. Mai ita ta fito da muciya a hannu, ta dubi akuyar, ta dube ni.

"Ɗana, in ta mutu jaka goma sha biyar ce. In ta rayu, ka zo ka yi wa sauran."