Baki Biyar, Harshe Ɗaya

Ɗan Gwaggo, mutumin Zurmi, littafinka ya iso Ƙaura. Direba ya miƙo mini shi yana warin albasa. Na karanta tsaf, kada ka ce hassada ce.

Ka ce mutum biyar ne ke ba da labarin: direba, amarya, dillalin hatsi a kasuwar Shinkafi, wata tsohuwa, da wani malami da ka ara wa tumbina da sanƙona ba tare da sallama ba. Sannu da ƙoƙari. Amma taubashi, duk da bakinka suke magana. Amarya da dillali, kowa sai ya fara da "kai, ni dai", kowa kuma ya ƙare da yabon wani kyakkyawan saurayi ɗan Zurmi. Wa ke nan? Tsohuwar ma da ba ta taɓa wuce Gusau ba tana ta "mene ne" kamar 'yar fim ɗin Kano. Da kakarmu na raye, da ta jefe ka da ludayi ta ce mi na na wannan.

Gara ma Abubakar Imam. A Ruwan Bagaja, da Alhaji Imam ya karɓi baki bai sake shi ba, Malam Zurƙe ɗan Muhamman sai abin da aka ce ya ce. Tun gasar 1933 bawan Allah ke jiran a ji nasa bahasin. Son kai ne, amma a fili aka yi shi, mai karatu ya san inda zai rage gishiri.

In baki da yawa kake so, ga shi a ƙofar gidanku. Alƙalawa ta faɗi a 1808. A nan Ƙaura labarin Namoda ne da jarumtarsa. Je ka zauna da dattijon Bagobiri a Sabon Birni, ka ji yadda Yunfa ke fitowa a bakinsa. Birni ɗaya, amma wani nasara ya gada, wani kufai. Naka biyar ɗin ba wanda zai yi asarar ko kwabo in ɗan'uwansa ne mai gaskiya.

Babi na shida ni zan rubuta, da bakin malamin. Zai fara da ranar da ka faɗa Gulbin Gagare kana kiran Gwaggo. Kuɗin sharar bara da bana su iso kafin Alhamis, in rage sautin kukan.