Zuriyar R a Gadarif

A 1953 kamfanin Toyota ya fara ƙera dangin injinan fetur masu silinda huɗu da ya laƙaba wa harafin R. Gida ne mai yawan haihuwa: akwai 12R mai lita 1.6, da 18R mai lita 2, sai 22R mai lita 2.4 da ya fito a 1981, ya shiga ƙirjin Hilux ya yi zamansa.

Injiniyoyin Japan sun rubuta cewa a-kori-kurar za ta ɗauki kaya kimanin tan ɗaya. Da alama takardar ba ta iso Gadarif ba.

A wannan gari na gabashin Sudan, matattarar dawa da riɗi, inda jikokin Hausawa mahajjata suka daɗe da kafa unguwanni, direban boksi, wato a-kori-kurar, yana da nasa lissafin. Buhuna a ƙasa, 'yan ƙwadago a kan buhuna, akuya a cinyar 'yan ƙwadago. In wani ya ɗaga hannu a hanyar Gallabat, ta kan iyakar Habasha, sai a ce a matsa, ai akwai wuri. Silinda huɗun nan su yi tari, su yi nishi, su kai kowa.

Damina ce kaɗai ke kwance musu zane a kasuwa. Da ruwa ya jiƙa baƙar lakar Gadarif, tayoyi sai juyi a wuri ɗaya. A nan fasinjoji ke sauka su naɗe wando, a aika yaro ya roƙo mai tarakta, wanda injinsa dizal yake sha.