Masana Zoɓo na Arewacin Kaduna

A ƙasar Faransa, wajen birnin Bodo, akwai mutanen da sana'arsu ita ce su kurɓi jar giyar inabi su furzar, su ce wannan haɗin Merlot da Cabernet Sauvignon ne, a ajiye shi shekara 10 ko 20 kafin ya nuna. Mu nan arewacin kogin Kaduna, daga Tudun Wada har Kawo, giya ba tamu ba ce. Amma Allah bai hana mu jan abin sha ba. Muna da zoɓo, kuma masanansa sun fi masu dafa shi yawa.

Akwai Sarkin Harshe. Shi ba ya haɗiyewa sai ya juya shi a baki, ya lumshe ido. "Hajiya, cittarki ta yi, amma kanumfari ya danne ɓawon abarba. Kuma kin jefa kanwa, shi ya sa ya yi duhu, tsamin ya mutu." Abin haushin, gaskiya yake faɗa. Bai taɓa hura wuta a ƙarƙashin tukunya ba, bai kuma taɓa rage ko ɗigo a kofi ba.

Ƙaninsa shi ne Masanin Asali, wanda za ka tarar a kasuwar Sheikh Gumi yana murza busasshen fure a tafin hannu. A wurinsa zoɓo na Jigawa ne kawai, irin wanda ake lodawa a Maigatari a kai har Meziko. Duk wanda ya rage a Kaduna, in ji shi, tankaɗe ne. Sai ya gama kushe buhun gaba ɗaya, sannan ya sayi gwangwani guda, ya nemi gyara.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Mai Tsimi. Ya ji labarin Turawan Bodo, ya ɗauka abin da ya yi wa inabi kyau zai yi wa yakuwa. "Yaya, zoɓon yau ai ɗanye ne. Bar shi ya kwana, ya tsima, baurin ya kwanta." Kwana ɗaya a firji, na yarda, kayan ƙamshin suna haɗa kai. To amma Bature rumbun ƙasa mai sanyi gare shi, shi kuwa namu gwanin, firjinsa na jiran wutar da aka ɗauke tun shekaranjiya, ga zafin Afrilu. Sukari da abarba kuwa ba sa zama shiru a cikin zafi. Rana ta uku gorar ta kumbura, murfin yana huci, ana buɗewa kumfa ta tashi. Nan zai riƙe kofi yana duban sama, ya aika yaro wurin limamin unguwa a tambayo ko wannan tsamin na halas ne.

Likitan Unguwa ba ya ɓata lokaci. Ya ji cewa zoɓo yana sauke hawan jini, don haka yake shan roba biyu a zaune, kowacce da sukarin da zai kwantar da doki.

Sai Hajiyar Unguwar Rimi. Nata ba ya shiga leda. Kwalba ce mai tambari, an zaƙa shi da dabino, an yanka kokwamba da na'a-na'a, an ɗauki hoto an sa a Instagram. Kuɗin kwalba ɗaya zai cika wa mai tallan tashar Kawo bokiti. Idan ka ce mata "Hajiya, zoɓon nan ya yi daɗi", sai ta gyara maka sunan da Turanci.

Da azumi kuwa duk ilimin nan hutu yake tafiya. Ana kiran magariba, Sarkin Harshe da Mai Tsimi suna layi ɗaya a bakin masallaci, kowa na tsotsar ƙullin leda mai ƙanƙara, babu mai tambayar daga ina furen ya fito.

Mai karatu, in an ba ka zoɓo, shanye shi yau. Wanda ya kwana uku babu wuta, zubar.