Ladubban Mai Gudun Safiya a Kafanchan

Ya zo mana a labari cewa mutanen biranen bakin teku, irin su Legas, suna da wata al'ada ta fita da asuba su yi ta sassarfa a kan rairayi, alhali ba wanda ya koro su, ba kuma abin da suka hango suke so su cim masa, illa neman lafiyar jiki. To, da yake wannan al'ada mai albarka ta hau tudu ta iso mana Kafanchan, inda Allah bai ba mu teku ba amma Ya ba mu duwatsu da ƙoramu da jar ƙasa, ya wajaba a rubuta wa masu sha'awarta wasu ladubba, domin su samu fa'idarta ba tare da sun tayar da hankalin bayin Allah ba.

Game da halascin abin babu jayayya, domin ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, likitoci kuma sun haɗu a kan cewa gudu yana ƙarfafa zuciya, yana taimakawa wajen rage hawan jini da ciwon sukari. Kada kuma wani ya kawo uzurin rashin takalmi, tun da Abebe Bikila, mutumin Habasha, ba takalmi a ƙafarsa ya cinye gudun famfalaki na kilomita 42 a birnin Rum a 1960. Sai dai shi bai san tsakuwar hanyoyinmu ba, saboda haka kai ka shiga kasuwa wajen 'yan gwanjo ka zaɓi kambas mai kaurin ƙasa, ka gwada ƙafa biyun tun a gaban mai kaya.

Sharaɗin da ya fi kowane girma shi ne duk wanda ya hango ka daga nesa ya gane cewa gudun lafiya kake yi. Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, ma'ana a wurinmu baligi mai hankali ba ya gudu sai da dalili, kuma dalilin ba ya zama na alheri. Garin nan kuwa ya ga fitina, tun daga ta watan Maris na 1987 har zuwa waɗanda suka biyo bayanta, akwai iyayenmu mata da har yau in suka ji takun mutum a guje sai gabansu ya faɗi kafin su ɗaga kai. Wanda duk ya fito da sassafe cikin doguwar riga da hula ya sheƙa a guje ta gaban mai tuyar ƙosai, to ya sani alhakin man da za ta kifar da kaskon da za ta bari yana wuyansa. Don haka ka sa rigar 'yan ƙwallo mai launin da ake hange daga ƙarshen layi, ka saki fuska ko da huhunka na neman fitowa, kada ka soma gudunka daga bakin kasuwa ko ƙofar banki, kuma, ina roƙonka da girman Allah, kada ka waiwaya. Waiwaye shi ne ke tabbatar wa jama'a cewa akwai abin da ke biye, kafin ka ankara sai ka ga mutum goma sun rufa maka baya, ba wanda ya tsaya tambayar ba'asi. In kuna da yawa ku jeru sahu ɗaya kuna hira. In kun doshi shingen jami'an tsaro ku mai da gudu tafiya, ku yi musu barka da aiki, ku wuce.

Sai mas'alar gaisuwa, wadda ita ce masu gudu suka fi saɓani a kanta. Wasu na ganin ɗaga hannu ya wadatar, wasu na ganin dole a tsaya. Abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne a duba shekaru. Tsara a ɗaga masa hannu. Amma idan tsohuwa ce ɗauke da itace, ko dattijo da ya fito daga masallaci ko ya nufi addu'ar safe a coci, ya dube ka ya ce, “Ɗana, lafiya dai ko?” to babu makawa ka ja birki, ka ɗan rusuna, ka ce, “Lafiya lau, Baba, motsa jiki nake yi.” Zai tambaye ka mutan gida, zai tambaye ka ɗan wane ne kai, watakila ma ya sanar da kai cewa in ƙarfi ne ya yi maka yawa yana da gonar da ke jiran huɗa. Ka amsa duka da ladabi, domin a garin da Fantswam da Bajju da Kaninkon da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarbawa suke shan ruwan rijiya ɗaya, wannan 'yar tsayuwa ta fi gudun amfani, kuma asirinka a rufe, ka samu ka huta ba tare da kowa ya ce ka gaji ba.

Hanyoyi kuwa, mai koyo ya soma da kewayen tashar jirgin ƙasa, inda ƙasa take shimfiɗe. Wannan tasha ita ce ta raya garin, tun da a 1927 layin da ya taso daga Fatakwal ya haɗe a nan da na Kaduna, reshe kuma ya haura Jos. Amma kada ka hau kan dogo, ko da jirgi ya yi wuyar gani a wannan zamani, domin waɗanda suka jera shi ba su auna da takun ɗan Adam ba.

Wanda ƙafarsa ta ƙosa ya kama hanyar Kagoro. Ni a ganina babu kamarta a duk yankin nan: dutsen Kagoro yana tsaye a gabanka tun daga fitowa gari, da damina kansa a lulluɓe da gajimare, sai ka yi ta gudu kana zaton ka kusa, shi kuwa yana nan inda yake kamar bashin da ake biya da kaɗan-kaɗan. Ka bi gefen da za ka fuskanci motoci masu zuwa, don direbobin hanyar Jos ba su da labarin niyyarka. Ranar 1 ga Janairu kuwa ka bar wa mutanen Kagoro hanyarsu, ranar bikin Afan ce. Ka sa tufafin kirki ka je kallo da tafiyar mutunci.

Mai son ganin ruwa ya nufi wajen Madakiya, inda ruwan Matsirga ke zubowa daga kan dutse, wanda shi ne abin da muke da shi a madadin tekun mutanen Legas. Sai dai duwatsun gefensa suna da santsi, gudu ya ƙare tun daga inda ka fara jin rugugin. Hanyar Kwoi kuma a kiyaye ta da kaka, lokacin da manoma suke tsaga citta su shanya ta a rana, ƙamshinta ya cika iska har ya sa ka atishawa a tsakiyar taku. Kada ƙafarka ta kuskura ta taɓa shanyar nan. Citta ita ce kuɗin makaranta da sadaki da rufin kwano a wannan ƙasa, kuma tun annobar da ta afka mata a 2023 ta ƙone gonaki, kowane tsagi guda yana da daraja a idon mai shi. In ka watsa ta, to ranar nan za ka san iyakar gudunka.

Karnukan ƙauye hukuncinsu a taƙaice yake: kare yana bin mai gudu, yana ƙyale mai tafiya, saboda haka da ka ji haushi ka tsaya, ka kira masu gida da sallama. Da hunturu ka shafa mai a leɓe da sawu, ka jira hazo ya ɗan ɗaga don 'yan acaba su gan ka. Da damina kuwa, wadda a nan takan kai wata shida tana zuba, ka dubi gabas kafin ka ɗaura takalmi, kada ka tsallaka ƙoramar da ta kawo ko da jiya ka taka ta da ƙafa. Ka tafi da ruwan sha, ka gaya wa mutan gida hanyar da ka bi. Kuma da yake ƙarfin da ke kai mutum Kagoro ba lalle ne ya dawo da shi ba, ka ƙulle kuɗin acaba a cikin safa, ka roƙi ɗan acaban ya sauke ka a bakin layinku, sauran 'yan takun ka ƙarasa su da sassarfa.