Ni Fa Ba Na Kallo, Wucewa Nake Yi

A duk majalisar magidanta da ke Kano, daga Fagge har Gwammaja, babu mai kallon fim ɗin Hausa. Tambayi kowa ka ji. Zai gyara zaman hula ya ce shi ina ya ga wannan lokacin, ai aikin mata ne da yara. Amma bari wani ya ambaci shirin Labarina. Mutumin nan da ba ya kallo shi ne zai ajiye kofin shayi, ya yi maka bayanin dalilin da ya sa Mahmud ya fi Presido cancantar auren Sumayya, da hujjoji, zango bayan zango, har da muryar Baba Ɗan Audu.

In ka ce, "To Alhaji, a ina ka ga duk wannan?" sai ya ce, "Wucewa na zo yi ta falo, na tarar Hajiya ta kunna." Tun 2020 da Aminu Saira ya fara sakin shirin a tashar Arewa24 Alhaji yake wannan wucewa, har yau bai isa ƙofar ɗakinsa ba. Falon nan ya fi hanyar Kano zuwa Maiduguri tsawo. Da Nafisa Abdullahi ta bar shirin ma, masu wucewar sun fi masu zaman kallo shiga damuwa. Wani da ya rantse bai san ta ba, shi ya fara cewa shirin ya mutu.

Sharhin kansa ba shi da wahala, don kalmominsa ba su da yawa. Fim ko dai "ya yi", ko "bai yi ba". In ya yi sosai, "ya haɗu". In ka nemi dalili, ka nemi rigima. "Malam, me ya sa bai yi ba?" "Kawai bai yi ba, kai ma ka sani." Wanda ya ɗan yi zurfi a ilimin shi ne zai ƙara da cewa akta bai sha wuya ba, ko bos ya mutu da wuri, ko kuma an kashe kuɗi, ma'ana an farfasa motoci.

Ni wanda ya fi burge ni shi ne dattijon majalisa, wanda a wajensa fim ya ƙare tun zamanin Dharmendra, Sarkin Ƙarfi. Ya ga Sholay, fim ɗin 1975, a sinimar Plaza, kuma daga Gabbar Singh ba a sake yin mugu ba a duniya. Bai taɓa jin kalma ɗaya ta Indiyanci ba, amma zai fassara maka duk abin da Amitabh Bachchan ya faɗa, yana yi yana girgiza kai. Babban ƙorafinsa a kan Kannywood shi ne rawa da waƙa, waɗanda ya ce sun ɓata tarbiyya kuma ba al'adarmu ba ce. Kada ka kuskura ka tuna masa cewa a lokacinsa shiga sinima kanta abin kunya ne, ta bayan gida ake zuwa a kuma dawo ta katanga. Kada kuma ka tambaye shi me Mithun yake yi a Disco Dancer, wanda ya haddace waƙoƙinsa tun 1982. Zai ce maka wannan daban, wannan rawa ce mai ma'ana. Da a ce ya tsaya ya yi tunani, da ya gane cewa yaran da suka yi finafinan Sangaya da Wasila a gefensa suka zauna a sinimar, abin da ya tafa wa shi suka ɗauko.

Samarin gefen benci kuwa nasu a waya yake. Sun je wajen masu tura finafinai an cika musu fassarar Algaita, don haka a wajensu jaruman Indiya duk 'yan cikin gari ne, da baƙar maganar 'yan Kano suke faɗa. Su ne suka shekara biyu, daga 2015 zuwa 2017, suna musu a kan dalilin da ya sa Kattappa ya kashe Baahubali. Da kashi na biyu na fim ɗin ya fito ya ba da amsa, kowa ya ce ai daman abin da ya faɗa ke nan. A cikinsu ne ake samun mai ɓata wa mutane kallo, kuma kullum da ladabi yake farawa: "Yaya, ba zan gaya maka ƙarshen ba, amma dai kada ka saba da ƙanin akta."

Daga nan hira takan bar fim ɗin gaba ɗaya ta koma kan wace jaruma ce ta yi aure, wace ce ta fito, wane ne ya sayi mota. Wanda ya rubuta labarin, da wanda ya riƙe kyamara a rana, babu mai sanin sunansu. Sai can wani ya nisa ya ce, "Wai me ya sa ba za su yi kamar na Amurka ba?" Mai wannan tambaya, in ka bincika, rabon da ya biya ko sisi don kallon fim tun ana sayar da kaset a Bata. Ta Xender aka tura masa, kuma wayar ma a shagon maƙwabci ya yi mata caji.

A kowace majalisa dai akan sami mutum ɗaya da ya zauna ya kalli fim ɗin tun daga farko har sunayen ƙarshe, da kuɗinsa, kuma ba ya ɓoyewa. Shi ne ba a bari ya yi magana. Da ya buɗe baki ya ce, "A'a Baba, ba haka aka yi a wajen nan ba," sai dattijo ya ɗaga masa hannu: "Kai yaro, yi mana shiru. Ka cika kallon fim, shi ya sa ba ka gane komai."